Motar Kolo Ba Ta Kwana da Wuta

Asabar, ranar cika-ciki, shekarar da Turawa ke ce wa 1938. Da hantsi.

Yau ma ba ta tashi ba. Na taka silf ɗin tada mota, inji ya yi ɗan nishi ya yi shiru. Na danna ham, bai kai kukan sauro ba. Jiya da magariba na ajiye ta fitilunta suna haska bangon masallaci fes, gari ya waye batir ya zama dutse.

Tun da na baro shagon gyaran jirgi a Makurɗi ban sake riƙe fensir ba sai yau. Ba mai yi mini magana a gidan nan, to bari in yi da takarda.

Da can idan mota ta ƙi tashi, kafin in buɗe baki rabin unguwa sun fito turi. Yau na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu suna kallona. Ba wanda zai sa hannu a jikinta. Allah ya taimake ni gidanmu a kan tudu yake, na saki birki ta gangara wajen rafi, na jefa giya, ta kama. Na yi ta zagaya gari da ita fayau don batir ya sha wuta. Na san abin da suke cewa: Kolo direba ya taɓu, yana yawo da mota ba kaya. Suna kuma cewa masu ciwon sanƙarau da na ɗauka zuwa rumfunan jinya na bayan Akurba ne suke riƙe da ita.

Wuta ce ke tsiyaya. Akwai inda take bi, kuma zan gano shi.

Kowane gida ana tuwon cika-ciki. Matata Suwaibatu ba ta ɗora tukunya ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Lahadi, bayan azahar

Na sauke batir na duba shi ɗaki-ɗaki. Ruwansa ya yi ƙasa kaɗan. Na je tashar jirgi wajen fita mai gyaran inji, ya ba ni kwalbar ruwan batir, amma a ƙasa ya ajiye mini ita ya ja da baya. Ban ji haushinsa ba, yana da 'ya'ya.

Kawunan batir sun yi farin gishiri. Na wanke su da ruwan zafi da kanwa, na kankare da wuƙa har suka yi ƙyalli, na goge saman akwatin ya bushe, na shafa man girisi. Datti a saman batir kan sha wuta a hankali, na taɓa gani. Wataƙila shi ke nan.

Litinin, bayan sallar asuba

Ba shi ba ne.

Na rubuta kalmar da ake faɗa in batir ya ƙare, irin wadda ake faɗa wa mutum, na goge ta. Batir ya sauka, haka za a riƙa cewa.

Laraba, la'asar

Na je tasha neman lodi. Buhunan riɗi jibge a bakin hanya, ana jiran jirgin Juma'a, amma a kan jakuna ake kwaso su daga Asakiyo. Mutanen da suke bina har gida suna roƙo in fara da kayansu, yau gaisuwa ma daga nesa suke ɗago hannu. Wani dillali ya ɗan matso ya ce mini, "Direba, ba ƙiyayya ba ce. Abinci ne, mutane za su ci. Kuma an ce ana ganin wani abu yana ƙyalli a bayanta in duhu ya yi, kamar ido."

Na ce, "Wa ya gani?"

Ya ce, "An dai ce."

Na ce, "In ka ga An ɗin ka turo mini shi."

Ƙarya ce. Duk fitilunta a kashe nake barinsu, da hannuna.

Da na dawo na tarar da Yaya Mahmuda a zaure yana jirana. Da gadon babanmu muka sayi motar nan ni da shi, don haka yana da ta cewa, ban musa ba. Ya ce, "Kolo, zauna."

Na ce ina ji a tsaye.

Ya ce, "Lokacin da ciwon nan ya shigo, na ce maka kada ka sa motarmu a ciki. Ka ce mutane na faɗuwa a hanya a kan amalanke, ba za ka iya kallo ba. Ka yi yadda ka so. To ga shi nan."

Na ce, "Ga me?"

Bai faɗa ba. Da ya faɗa ban san abin da zan yi ba. Ya dai sunkuyar da kai ya ce, "Ina da yara a gidan nan. Ka kawar da ita daga ƙofa."

Ba zan kawar da ita ba. In na sauke ta daga tudun nan ba ta sake tashi.

Waɗanda na kai rumfuna, wasu da ƙafarsu suka dawo gida. Wannan ba wanda ke faɗa.

Alhamis, magariba

Na kwance kan batir guda na ajiye shi gefe. In gari ya waye ya sauka duk da haka, batir ne ya tsufa yana cin kansa. In ya kwana da wutarsa, ɓarawon a jikin mota yake.

Juma'a, da sassafe

Na mayar da kan, na ɗaure, na taka silf. Taka ɗaya ta tashi, har kaji suka watse.

Batir lafiyarsa lau. Na bar inji yana kuka na shiga sashen Yaya na kira shi ya zo ya ji. Ya fito da carbi a hannu, ya saurara, na yi masa bayani. Ya ce, "Wato sai ka raba ta da wutarta sannan take kwana lafiya."

Na ce haka ne.

Ya ce, "To ai abin da mutane ke faɗa ke nan. In ka ɗaure mata, abin ya zo ya sha."

Mutum ya yi karatu, ya je har Kano fatauci, amma ga abin da tsoro ya mayar da shi.

Zan iya ci gaba da kwance kan nan kullum in huta. Ba zan yi ba. Sai na nuna musu wurin da yatsa.

Asabar, azahar

Malamin asibitin da ke kula da rumfuna ya aiko a tambaya ko zan koma ɗauko masa mutane. Na ce a gaya masa mota ba lafiya. Ban yi ƙarya ba.

Lahadi, hantsi

Hamman ya zo daga rugarsu ta Adogi. Shi kaɗai ne ya miƙo mini hannu muka gaisa tun da abin ya faru, har ya jingina sandarsa a jikin tayar mota ba tare da ya kula ba. Ya kawo man shanu a ƙoƙo, ya ce uwarsa Goggo Asma'u ce ta ce a ba mai ɗakina.

Goggo Asma'u ce ta zauna a baya ranar. Jikanta na ɗauko daga Adogi tun kafin gari ya waye, na biyo ta gida don in sha ruwa, na tarar da abin da na tarar. Duka biyun, jikanta da yarinyarmu, ita ta riƙe su a hanya. Nata ma bai dawo ba.

Hamman ya ce, "Tana tambaya yaya uwar yarinya."

Na ce, "Tana nan."

Ya ce, "Tana cin abinci?"

Na ce ban sani ba.

Na ajiye man a bakin ƙofarta na faɗi wanda ya aiko. Da na dawo daga masallaci ba ya wurin.

Litinin, la'asar

Na ja tabarma na yi wa batir inuwa don in ga da kyau. Komai a kashe, makulli a aljihuna. Na kawo kan batir na ɗan taɓa shi a mazauninsa. Tartsatsi ya fito, ƙarami, shuɗi. Na sake, ya sake fitowa.

Mota in tana barci da gaske, ba ta tartsatsi. Wannan ita ce shaidar da nake nema. Wani abu a cikinta idonsa biyu.

Yanzu aikin ya zama mai sauƙi, haƙuri kawai yake so. In cire waya ɗaya, in taɓa kan, in duba. Ranar da tartsatsi ya ɓace, wayar da ke hannuna ita ce hanyar ɓarawo.

Na fara da fitilun gaba. Yana nan. Ham. Yana nan.

Zafi ya kore ni. Ƙarfe ba ya taɓuwa.

Talata, hantsi

Na fi zargin ɗan akwatin da ke kan dainamo, wanda ake ce wa katawut. Aikinsa shi ne ya rufe hanya in inji ya tsaya, don kada wuta ta koma baya. In bakinsa ya manne, cikin dare ɗaya sai ya tsotse batir. Na buɗe shi ina addu'a ya zama shi ne. Bakinsa a buɗe, tsaf, ko tsatsa babu. Na cire wayarsa duk da haka. Tartsatsi yana nan.

Na so ƙwarai ya zama shi ne.

Talata, bayan la'asar

An wuce da masu ciwo biyu daga unguwar maƙera, a kan amalanke. Na shiga ƙarƙashin mota har suka wuce.

Alhamis, azahar

Fitilar baya ba ita ba ce. Makunnin birki ba shi ba ne. Na bi wayar makulli tun daga tushe har ƙarshe da yatsuna, ba inda ta goge.

Ban yi laifi ba. Ina rubuta shi a nan tun da ba mai tambayata. Kullum na dawo sai na tuɓe a bayan gida na yi wanka da sabulu kafin in shiga. Malamin asibiti da kansa ya ce ciwon a iska yake, gidajen da ba su taɓa ganin mota ba ma ya shiga. Gidan liman ya shiga. Shi ma motata ce?

Juma'a, bayan masallaci

A sahu an bar mini fili dama da hagu. Na yi sallata a yalwace.

Yaya ya same ni a hanya. Ya ce ya yi magana da wani mai motoci a Makurɗi, zai zo a jirgin Juma'a mai zuwa ya duba ta. Can ba wanda ya san tarihinta.

Na ce ban sayar ba.

Ya ce, "Rabi nawa ne, Kolo. Kada ka sa mu je gaban alƙali, mu da muka fito ciki ɗaya."

Na ce, "In ta kwana da kanta a ɗaure, ta tashi a gaban mutane, fa?"

Ya ce, "In ta yi haka, na janye. Amma da sharaɗi. Ta koma riɗi da doya. Ba ta sake ɗaukar mai ciwo."

Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Ya ɗauka na yarda.

Asabar, da sassafe

Waya ɗaya ta rage. Ni na ja ta da kaina farkon ciwon nan, daga batir zuwa wani makunni a gefen sitiyari, daga nan ta bi ƙarƙashi ta hau baya, inda na kafa rumfar zana. Ƙwan fitila na ɗaura a can ciki don masu jinya su ga fuskar mutanensu in tafiyar duhu ta kama.

Makunnin a kashe yake. Na duba shi ya fi a ƙirga. Don haka ba ita ba ce.

Lahadi, la'asar

Ban taɓa mota ba yau.

Litinin, hantsi

Na cire ta daga wajen batir. Na taɓa kan. Ba tartsatsi.

Na mayar. Tartsatsi. Na cire. Babu.

Na zauna a ƙasa na daɗe.

Litinin, magariba

Zan iya yanke wayar nan in jefar, mota ta warke, Yaya ya janye, kowa ya huta. Ba wanda zai san bambanci. Amma in an tambaye ni me ke shan wutar, me zan ce? In ce wata waya ce da ta tafi baya, ban san abin da ke ƙarshenta ba? Ai na ba su gaskiya ke nan.

Ban hau bayan motar nan ba tun ranar. Wankin da na yi mata daga ƙasa na tsaya na riƙa watsa bokiti ta saman katako.

Gobe.

Talata, azahar

Zafi ya yi yawa. Gobe.

Suwaibatu ta fito shanya, muka yi kiciɓis a tsakar gida. Ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu. Na ce, "Sannu." Ta ratse ta wuce. Da ma zagina take yi.

Laraba, bayan la'asar

Na hau.

Zana ta fara ruɓewa saboda ruwan da na riƙa watsawa. Tabarmi biyu suna nan yadda aka bar su. Ban dube su sosai ba. Na bi waya da hannu har can ƙuryar rumfa, inda ƙwan yake.

Ba a ganin ƙwan. An kife shi da ɗan ƙoƙo irin na Fulani mai zane a baki, an naɗe da tsumma an ɗaure tam a jikin sandar rumfa. Na taɓa ƙoƙon, da ɗumi. Na kwance tsumman.

Fitila tana ci. Da rana tsaka, makunni a kashe, tana ci.

Cikin ƙoƙon ya yi baƙi don zafi. A gindinsa akwai 'yar tsaga, ta nan haske ke ɗan fita. Ashe wanda ya ce ya ga ido bai yi ƙarya ba, ni ne na ƙi zuwa in duba.

Yanzu na tuna. Mun wuce kasuwa Goggo Asma'u ta buga katako ta ce yarinya na kuka, haske na soka mata ido. Masu ciwon nan ba sa son haske. Na kai hannu na kashe makunni, na ci gaba da gudu, ban waiwaya ba. Ashe bai mutu ba. Tsohuwa ba ta sake buga mini ba, ta ga ina sauri, ta yi abin da za ta iya da abin da ke hannunta.

Hannatu. 'Yarmu ta fari ce, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, ko sau ɗaya. Shekararta bakwai. Ga shi na rubuta.

Alhamis, hantsi

Na buɗe makunnin. 'Yar wayar da ke tura harshensa ta karye, harshen ya faɗa ya manne da ɗan'uwansa. Daga waje ka ga ya koma wajen kashewa, har ƙara yake yi, a ciki kuwa hanya a buɗe take. Na raba su, na goge bakin da zarto, na yanko ƙarfen tsohon agogo na lanƙwasa na sa masa. Na kunna, ta kama. Na kashe, na zagaya baya na duba da idona, ta mutu. Na taɓa kan batir. Ba tartsatsi.

Abin da ya hana garin nan barci ke nan. Bai kai tsawon farcena ba.

Na zagaya da ita har Asakiyo na dawo don batir ya cika. Na yaye tsohuwar zana na ƙone, na sa sabuwa. Ban san dalilin da ya sa na sa sabuwa ba, riɗi ba ya bukatar rumfa.

Alhamis, bayan la'asar

Na tsaya a bakin ƙofar Suwaibatu na yi magana da labule. Na gaya mata komai, fitila da makunni da ƙoƙo. Na ce tsohuwar nan ta rufe mata haske, ba ta tafi cikin azabarsa ba. Na tura ƙoƙon ta ƙarƙashin labule.

Na ji ta ɗauka.

Na ɗaure kan batir da sifana a gaban Yaya da maƙwabta biyu, na ba Yaya makulli ya kwana da shi.

Juma'a, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Bayan sallar asuba mutane suka taru, sun fi yadda na zata, amma duk a tsallaken hanya. Na sa ƙwan da karyayyen ƙarfen a tafin hannuna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina nunawa. Wasu suka leƙa, wasu suka kau da kai. Yaya ya ba ni makulli. Na hau na taka silf. Ta tashi.

Wani tsoho ya ce, "To, Allah ya kyauta," suka fara watsewa. Na zata zan ji daɗi fiye da haka.

Ina cikin mota inji na kuka sai ga Hamman, ƙafafunsa duk ƙaya, ko sanda babu. Tun tsakar dare ya taso daga Adogi. Ya riƙe ƙofar mota ya ce, "Direba, Goggo ce. Wuyanta ya ƙi juyawa tun jiya."

Yaya yana tsaye ya ji. Ya ce, "Kolo, mun yi magana."

Na ce, "Kai ka yi magana, Yaya."

Ya ce, "In ka ɗauko ta, kada ka dawo mini da motar nan ƙofar gida. Kai ma kada ka shigo sai ciwon nan ya wuce. Ba don ba na ƙaunarka ba."

Na ce na sani. Na san kuwa.

Na ce wa Hamman ya hau gaba. Ina shirin sakin birki sai na ga Suwaibatu ta fito daga zaure da mayafi, da tulun ruwa a hannu da tabarma a hammata. Rabonta da ƙofar gida tun ranar. Ta wuce Yaya, ta wuce sauran mutanen, ta tsaya a gefen tagata.

Ta ce, "Mace ce. Wa zai riƙe ta?"

Na ce, "Ɗanta na nan. Koma ciki."

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Ciwon nan ba ya tambayar ko ke wace ce. Ba zan kai ki wurin ba."

Ta ce, "Haka ka ce wancan karon. Ka sa aka riƙe ni a ƙofar nan ina jin kukanta har kuka sha kwana."

Duk makonnin nan ina zaton tana ganin ni na kawo ciwon gida. Na shirya amsoshi iri-iri a kan wannan. Wannan kuwa ban shirya masa komai ba.

Na ce, "Tsoro na ji kada in rasa ku duka biyu."

Ta ce, "Na sani. Buɗe mini baya."

Yaya ya ce, "Suwaibatu, ki yi wa Allah." Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta miƙe ta taka taya ta hau.

Mun sami Goggo Asma'u a kwance a bukka, kanta ya sanƙare baya, ba ta gane kowa. Ni da Hamman muka ɗauko ta. Suwaibatu ta ɗora kanta a cinya, ta jiƙa gefen mayafinta ta rufe mata ido. Duk ramin da na faɗa sai na ji ta buga katako ta ce in yi a hankali, na kuwa yi a hankali.

Malamin asibiti ya karɓe ta, ya ba ta rumfa ta ƙarshe wajen itacen ɗorawa. Ya dube ni ya ce, "Motar ta warke?" Na ce ta warke. Ya ce akwai mutum uku a Asakiyo.

Asabar, hantsi

Mun kwana a gindin ɗorawa, ni a gaban mota, ita a rumfa wajen tsohuwa. Yaya ya aiko da tuwo da tulun ruwa, aka ajiye a bakin hanya aka kira ni daga nesa.

Na ɗauko na Asakiyo. Ɗaya bai iso ba.

Litinin, la'asar

Goggo Asma'u ta buɗe ido ta nemi nono. Malamin asibiti ya ce kada mu yi saurin murna. Hamman bai ji shi ba, ya riga ya kama hanyar ruga da gudu.

Hadari ya haɗu a gabas tun azahar, bai zubo ba. An ce in ruwa ya sauka ciwon yakan ja da baya.

Talata, bayan la'asar

Suwaibatu ta ce in kai ta. Na ce da ita mata ba sa zuwa maƙabarta. Ta dube ni kawai, sai na wuce gaba ta biyo ni.

Filin yana bayan rumfuna, ya ƙaru sosai tun zuwana na ƙarshe. Na san wurin, kusa da wani gidan tururuwa, na dasa reshen aduruku a kai. Har ya yi toho. Ta tsaya daga ɗan nesa, ba ta yi kuka ba. Muka yi addu'a.

Ta ce, "A hannun wa ta cika?"

Na ce, "A hannuna. Washegari da azahar."

Ta ce, "Ta sha ruwa?"

Na ce, "Kaɗan."

Sannan ta ce, "Ta kira ni?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Ta kira."

"Me ka ce mata?"

"Na ce kina tafe."

Ta matsa har bakin ƙasar, ta durƙusa, ta gyara reshen da iska ta karkatar. Ta dafa ƙasar da tafin hannunta.

Ta ce, "To, ga ni. Na zo."